Jiki Na Haɗa Sinadarai Masu Kama Da Na Tabar Wiwi: Ina Alaƙarsu Da Magani?

Ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi ta cire tabar wiwi daga rukunin ƙwayoyin da ake ɗauka su ne mafi haɗari, waɗanda kusan ba su da amfani a asibiti. Ƙasashe 27 suka goyi baya, 25 suka ƙi, ciki har da Najeriya, ɗaya kuma ta ƙaurace. Labarin ya iso wa mutane da yawa a gurguje, har wasu suka ɗauka an halatta wiwi ne a duniya. Alhali tana nan daram a jadawali na ɗaya na yarjejeniyar duniya kan miyagun ƙwayoyi ta 1961, wuri guda da mofin da hodar iblis, wato abubuwan da ba a taɓa su sai da lasisi, don magani ko bincike.

A shafukan sada zumunta kuma masu tallan man CBD, wani sinadari da ake tacewa daga wiwi, da masu neman a sassauta doka suna yawan kafa hujja da magana ɗaya: ai jikin ɗan Adam da kansa yana haɗa sinadarin wiwi. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin jiki na haɗa wasu sinadarai da ke aiki a wuraren da wiwi ke taɓawa. Sai dai kama da wane ba wane ba ne, kuma a tazarar da ke tsakanin biyun ne amfanin wiwi a asibiti da illarta suka samo asali.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

Kanabinoyid suna ne na dangin sinadarai, kuma dangin gida uku ne. Na farko na tsiro: a cikin wiwi akwai irinsu sama da 100, amma biyu ne suka fi shahara. THC shi ne mai sa maye. CBD ba ya bugarwa. A ɗanyen ganye yawancin THC yana cikin wata siffa da ake kira THCA, sai zafin wuta ko girki ya juya shi ya zama mai bugarwa.

Gida na biyu na jiki ne, ana kiransu endokanabinoyid, wato kanabinoyid na ciki. Manyansu biyu ne, anandamaid da 2-AG. Na uku na ɗakin gwaji ne, waɗanda ɗan Adam ya haɗa. Wasunsu magunguna ne masu lasisi, wasu kuma su ne ake fesawa a busasshen ganye a sayar a titi da sunaye irin su Spice da K2 a Turai da Amurka, ko Colorado da matasa a Najeriya ke cewa Kolos.

Shi kuwa "maganin wiwi", mutane na nufin abubuwa biyu daban da shi. Akwai magani da aka tace, aka auna, aka gwada, hukuma ta ba shi lasisi don wata cuta takamaimai. Akwai kuma ganye ko mai da wasu ƙasashe suka yarda likita ya ba da izinin saye, ba tare da an bi waɗancan matakai ba. Yawancin ruɗanin daga haɗa waɗannan biyun yake tasowa.

## Daga ganye aka gano abin da ke cikin kai

An ware mofin daga tsiron da ake samun ofiyom tun farkon ƙarni na 19, amma sinadarin da ke sa maye a wiwi bai bayyana ba sai 1964, lokacin da Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni na Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila suka tace THC suka fayyace siffarsa. Hashish ɗin, wato ƙaron wiwi, da suka yi aikin da shi daga hannun 'yan sanda suka karɓo, cikin kayan da aka kama.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta ina THC ke kama ƙwaƙwalwa. A 1988 Allyn Howlett da William Devane a Jami'ar St. Louis ta Amurka suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani furotin da aka yi daidai da irin wannan sinadari, kamar ƙofa da mabuɗinta. Masana na kiran irinsa risefta, a nan za mu ce masa ƙofa. A 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke gina ta, aka sa mata suna CB1. Ta biyu, CB2, an gano ta a Cambridge ta Ingila a 1993.

To, me ya sa jiki zai gina ƙofa don wani tsiro da mutum zai iya rayuwa har ya mutu bai taɓa gani ba? Masu binciken suka ce lalle akwai mabuɗi na cikin gida. A 1992, a Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, Devane da Lumír Hanuš da Mechoulam suka ciro shi daga ƙwaƙwalwar alade, suka raɗa masa anandamaid, daga kalmar "ananda" ta harshen Sanskrit mai nufin ni'ima. A 1995 tawagar Mechoulam da ta Takayuki Sugiura a Japan, kowacce da kanta, suka gano 2-AG.

Abin lura a nan shi ne sunan. An kira su kanabinoyid na ciki ne saboda ta hanyar binciken wiwi aka gano su. Tsarin ya daɗe a jikin dabbobi masu ƙashin baya, har da kifi da kwaɗi, kuma siffar anandamaid ba ta kama da ta THC ko kaɗan. Wurin da suke shiga ne kawai ɗaya. Haka ta faru da mofin: a shekarun 1970 aka gano ƙofofinsa a ƙwaƙwalwa, sannan aka gano sinadaran jiki irin su endofin da ke buɗe su. Wannan bai mayar da kodin ko tiramadol abin sha kamar shayi ba, kuma wanda ya ga ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi kafin Najeriya ta hana shi a 2018 ya san haka.

## Yadda tsarin ke aiki

Ƙwayoyin jijiya suna magana da juna ta wata 'yar tazara da ke tsakaninsu. Ta farko ta saki sinadari, ta biyu ta karɓa. Yawancin saƙonni haka suke tafiya, daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Endokanabinoyid su baya suke komawa. Idan saƙo ya yi wa mai karɓa yawa, sinadarin kalsiyam ya taru a cikinta, nan take sai ta yanko wani kitse daga fatar jikinta ta haɗa 2-AG. Shi kuma ya tsallaka tazarar ya koma wurin mai aikawa, ya buɗe ƙofar CB1, mai aikawa ta rage sakin saƙo. Ƙungiyoyin bincike uku ne suka tabbatar da wannan tafiya ta baya a 2001.

Ba a ajiye waɗannan sinadarai a rumbu kamar wasu. Sai buƙata ta taso ake haɗa su, a daidai wurin da ake buƙata, kuma da sun gama aiki akwai wasu furotin da ake kira enzayim da ke jira su wargaza su: FAAH ga anandamaid, MAGL ga 2-AG. Aikin duka na daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci. Wanda ya taɓa ganin ban ruwa a fadama zai gane salon. Mai lambu yana fasa bakin fangali ɗaya, ruwa ya shiga, da ya ƙoshi ya toshe da ƙasa ya matsa na gaba.

Inda ƙofofin suke shi ne ke bayyana abin da ake gani ga mashayin wiwi. CB1 tana da yawa a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abu, shi ya sa mutum zai fara magana ya manta inda ya dosa. Tana da yawa a sassan da ke daidaita motsi, shi ya sa tuƙi ke zama haɗari. Tana cikin sashen da ke kula da yunwa, ga dalilin cin abinci babu ƙaƙƙautawa, tana kuma cikin sashen tsoro da fargaba da hanyoyin da saƙon zafi ke bi a laka. Amma a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke riƙe numfashi, ba ta da yawa. Wannan ne ya sa wiwi ita kaɗai ba kasafai take tsayar da numfashi ba yadda mofin da tiramadol ke yi idan aka zarce. CB2 kuwa ta fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki da saifa, aikinta ya fi shafar kumburi.

Tsarin na aiki a rayuwar yau da kullum ba tare da an sani ba. Anandamaid na ƙaruwa a jini bayan gudu ko wani motsa jiki mai ɗan tsawo. Akwai 2-AG a nonon uwa. Hatta farasitamol da ke kusan kowane gida, wani ɓangarensa FAAH ce ke juya shi a ƙwaƙwalwa ya zama sinadarin da ake kira AM404, wanda ke taɓa wannan tsari, kuma masana na ganin yana cikin hanyoyin da maganin ke rage zafi.

## Inda THC ya sha bamban

THC ba ya jiran buƙata ta taso. Jini ne ke kai shi ko'ina, ya buɗe ƙofofin CB1 na duk sassan ƙwaƙwalwa a lokaci guda, kuma FAAH da MAGL ba sa iya wargaza shi. Sai hanta ta yi aikin, a hankali. Idan na jiki ban ruwa ne fangali bayan fangali, THC ambaliya ce da ke cika gonar duka, wanda ke buƙatar ruwa da wanda ba ya buƙata.

Hanyar da ya shiga tana canza komai. Idan hayaƙi aka zuƙa, cikin 'yan mintoci ya fara aiki, ya lafa bayan awa 2 zuwa 4. Idan ci aka yi ko sha, sai ya ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin a ji shi, kuma yana iya wuce awa 6. Dalili shi ne ta hanta yake fara bi, ita kuma ta juya wani kasonsa zuwa 11-hydroxy-THC, wanda shi ma yake bugarwa sosai. Nan ne kuskuren da ya fi kai mutane asibiti a ƙasashen da ake sayar da alewa da biskit masu wiwi: mutum ya ci, ya jira minti 20 bai ji komai ba, ya ƙara, daga baya duka su haɗu masa. Yara ƙanana da suka tsinci irin wannan alewa su ne suka fi galabaita. Kuma da yake THC a kitse yake narkewa, yana maƙalewa a jiki, har gwajin fitsari na iya nuna shi makonni bayan mai sha kullum ya daina.

Ƙwaƙwalwa kuma ba ta zama ta zuba ido. Idan kullum ana buɗe ƙofofin da ƙarfi, sai ta janye wasu ta rage yawansu. Wani binciken hoton ƙwaƙwalwa da aka wallafa a 2012 ya nuna raguwar CB1 da kusan kashi 20 cikin 100 a wasu sassa ga masu sha kullum, sannan ta dawo daidai bayan kimanin mako 4 da dainawa. Wannan ne ke sa abin da ya bugar da mutum bara ba ya yi masa komai bana. Shi ne kuma dalilin wahalar da mai dainawa ke sha: ƙofofi sun ragu, na waje ya yanke, na ciki bai isa ba. Daga kwana 1 ko 2 sai saurin fushi, rashin barci, mugayen mafarkai da rashin cin abinci su taso, su yi tsanani a makon farko, galibi su lafa cikin mako 2 ko sama da haka kaɗan.

THC ma rabi-rabi yake buɗe ƙofar. Irin waɗanda ake fesawa a ganye a sayar a matsayin Kolos suna wangale ta ne gaba ɗaya, shi ya sa suke kawo jijjiga, lalacewar ƙoda, bugun zuciya ba daidai ba, har da mutuwa. A Saliyo, inda shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙwayar kush a Afrilu 2024, gwaje-gwaje sun gano irin waɗannan sinadarai a cikinta tare da wasu 'yan gidan ofiyom masu tsananin ƙarfi.

## Gwaji biyu da suka koya wa masana taka-tsantsan

Da aka ga buɗe CB1 na kawo yunwa, sai kamfanin Sanofi ya haɗa maganin da ke toshe ta don rage ƙiba. Sunansa rimonabant, an sayar da shi a Turai da sunan Acomplia daga 2006. Ƙiba ta ragu kuwa. Amma masu shansa da dama suka faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai, aka janye shi a 2008. Amurka ba ta taɓa ba shi lasisi ba. Garin neman gira aka kusa rasa ido, kuma aka gane cewa tsarin na riƙe da kwanciyar hankalin mutum ko da bai taɓa ganin wiwi ba.

Sai aka bi ta ɗaya gefen. Maimakon a kawo sinadari daga waje, a toshe FAAH don anandamaid na jiki ya daɗe yana aiki. Dabarar tana da ma'ana, har an samu wata mata a Scotland da aka ba da rahotonta a 2019, wadda wani sauyi a ƙwayoyin gadonta ya raunana FAAH, anandamaid ya yi mata yawa, kusan ba ta jin zafi ko fargaba. Amma maganin farko da kamfanin Pfizer ya gwada kan masu ciwon gwiwa bai rage zafi ba. A Janairu 2016 kuma, a birnin Rennes na Faransa, gwajin wani mai suna BIA 10-2474 ya kashe mutum ɗaya cikin masu sa kai, wasu suka samu rauni a ƙwaƙwalwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna maganin na taɓa wasu enzayim ban da FAAH.

## Magungunan da suka samu lasisi

Ba su da yawa. Dronabinol, wato THC da aka haɗa a masana'anta, Amurka ta amince da shi a 1985 don tashin zuciya da aman da maganin ciwon daji ke jawowa, a 1992 aka ƙara da rashin cin abinci da ramar masu ƙanjamau. Ga waɗannan na biyu ana farawa da miligiram 2.5 sau biyu a rana, kafin abincin rana da na dare. Nabilone ɗan'uwansa ne, shi ma na amai. A yau ba su ne ake fara bayarwa ba, sai magungunan amai na zamani irin su ondansetron sun gaza.

Sativex feshi ne na baki, kowace fesawa ɗaya tana da miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD. Birtaniya ta ba shi lasisi a 2010 don sandarewar tsoka ga masu cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyi. Ana ƙara yawansa a hankali, ba a wuce fesawa 12 a rana, kuma idan an yi mako 4 ba a ga sauƙi ba sai a daina.

Wanda ya fi ƙarfin hujja shi ne Epidiolex, tataccen CBD mai miligiram 100 a kowace mililita. Amurka ta amince da shi a Yuni 2018 don nau'i biyu na farfaɗiyar yara masu taurin kai, Dravet da Lennox-Gastaut, a 2020 aka ƙara na uku. A gwajin da aka wallafa a 2017 kan yara da matasa 120 masu Dravet, yawan faɗuwa a wata ya sauka daga 12.4 zuwa 5.9 ga waɗanda aka ba CBD, yayin da ga waɗanda aka ba maganin wofi, mai kama da na gaskiya amma babu sinadarin a ciki, ya sauka daga 14.9 zuwa 14.1 kawai. Sauƙi ne babba ga iyayen irin waɗannan yara, amma kashi 5 cikin 100 ne kaɗai faɗuwar ta tsaya musu gaba ɗaya, kuma a kan magungunansu na da aka ɗora shi.

Ana farawa da miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, a raba biyu, bayan mako ɗaya a kai 10, wasu har 20. Yana kawo barci, gudawa da rashin cin abinci, yana kuma iya taɓa hanta, musamman idan yaron na shan maganin farfaɗiya valproate, don haka ana gwada jini kafin a fara da bayan an fara. Idan tare da clobazam ne, shi ma maganin farfaɗiya, CBD na hana hanta wargaza wani ɓangarensa, ya taru a jini kusan ninki 3, barci ya yi yawa. Abinci mai maiƙo kuma na ƙara shigar CBD jini kusan ninki 4, shi ya sa ake so a riƙa bayarwa a yanayi iri ɗaya kullum.

Wani abu da masu talla ba sa faɗa: CBD ba ya kama CB1 da CB2 da wani ƙarfi, kuma takardar bayanin Epidiolex da kanta ta ce ba a ga alamar cewa ta waɗannan ƙofofi yake hana faɗuwa ba. Ke nan maganin da ya fi kowanne nasara a wannan fanni, nasararsa ba ta rataya a kan hujjar "jiki ma na haɗa nasa" ba.

## Inda masana suka rabu

Ciwo mai daɗewa shi ne babban dalilin da ke sa mutane neman maganin wiwi, kuma nan ne saɓanin ya fi zafi. Rahoton cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka na 2017 ya ce akwai hujja mai ƙarfi cewa yana taimaka wa manya. Hukumar NICE ta Ingila, mai ba asibitoci shawara kan magunguna, ta duba a 2019 ta ce kada a ba da shi don wannan ciwo, domin sauƙin kaɗan ne idan aka auna da kuɗin. Ƙungiyar masu binciken ciwo ta duniya, IASP, ta ce a 2021 ba ta goyon bayan amfani da shi gaba ɗaya. A shekarar ce kuma wani kwamitin da mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa shawararsa ya ce ana iya gwada wanda ba hayaƙi ba idan sauran magunguna sun gaza, amma ya kira shawarar tasa mai rauni. Kusan gwaje-gwaje iri ɗaya duka suka karanta. Bambancin yana wurin awo: yawancin gwajin gajeru ne, mutane kaɗan ne a ciki, kuma wanda aka ba THC yakan gane saboda maye, abin da ke iya sa ya ce ya ji sauƙi.

Ga masu sikila, wani ƙaramin gwaji a Amurka da aka wallafa a 2020, wanda mutum 23 suka kammala, bai nuna bambanci na a-zo-a-gani a zafin ciwo ba tsakanin tururin wiwi da na wofi. A gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, THC na sauke matsin ido amma na awa 3 zuwa 4 kawai, alhali cutar na buƙatar kulawa dare da rana, shi ya sa ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ba ta ba da shawarar amfani da shi ba. Batun kashe ciwon daji kuwa, an ga alamu a ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye, amma babu hukumar magunguna da ta amince da wiwi a matsayin maganin warkar da daji.

Akwai ra'ayoyi biyu da ake tallata su kamar an gama tabbatarwa. Na farko na likita Ethan Russo ne, cewa ciwon ɓarin kai da wasu ciwukan jiki da na hanji na iya tasowa daga ƙarancin endokanabinoyid. Hasashe ne har yanzu, kuma babu gwajin jini da asibiti ke yi ya ce wa mutum nasa sun yi ƙaranci. Na biyu cewa cikakken ganye ya fi tataccen sinadari saboda sinadaransa na taimakon juna. Asalin maganar daga wani binciken 1998 ne kan 2-AG da wasu kitsen jiki da ke raka shi, daga baya aka ɗora ta a kan tsiron, kuma hujjarta a jikin mutane ba ta da ƙarfi.

## Waɗanda suka fi shiga haɗari

Matasa ne a gaba, domin ƙwaƙwalwa na ci gaba da ginuwa har wajen shekara 25, kuma wannan tsari na cikin masu tsara ginin. Kimanin mutum 1 cikin 10 da suka taɓa sha kan kamu, amma ga wanda ya fara tun yana matashi ya kai 1 cikin 6. Wani babban bincike na 2019 a wurare 11 na Turai da Birazil ya gano cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 3 wajen yiwuwar taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, kusan sau 5. Masana na muhawara kan nawa ne wiwi ta jawo da kanta, nawa ne gado, amma sun haɗu kan cewa mai tarihin taɓin hankali a danginsa ya nisance ta. Ita kanta tabar ta canza: a wadda ake kamawa a Amurka THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 12 a 2014.

THC na ratsa mahaifa yana kuma fita a nono. Yana ƙara bugun zuciya. Ga wasu da suka daɗe suna sha kuma yana juyewa ya zama mai sa amai babu tsayawa, abin da likitoci a Ostareliya suka bayyana a 2004. Alamarsa ita ce mai ciwon ba ya samun sauƙi sai ya yi wanka da ruwan zafi, kuma ba ya warkewa sai an daina sha.

## Doka, da abin da ya shafi mai jinya a gida

Lesotho ce ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a Afirka a 2017, Zimbabwe ta bi a 2018, Maroko a 2021. Ghana ta sa a dokarta ta 2020 cewa ana iya noma irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba don masana'antu da magani, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta sake zartarwa a 2023. Shan ta don maye laifi ne a can har yanzu. Tailan ta saki wiwi a 2022, a 2025 ta dawo da sharaɗin takardar likita.

A Najeriya noma da sayarwa da mallaka duk laifi ne ƙarƙashin dokar 1966 da ta NDLEA, kuma babu tsarin ba marasa lafiya wiwi a asibiti. Masu neman sauyi, irin su marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu, sun kafa hujja da kuɗin shiga da ayyukan yi, da cewa ana noman ta a ɓoye ko an so ko an ƙi. NDLEA ta daɗe tana adawa, tana nuni da binciken 2018 da ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a ƙasar cikin shekara guda, da wahalar hana abin da aka noma don magani zurarewa kasuwa. Malaman Musulunci tun zamanin Ibn Taimiyya sun haramta shan hashish don maye, magani mai bugarwa da likita ya rubuta kuwa a babin larura suke tattauna shi, kamar mofin.

Ga uwar da ɗanta ke farfaɗiya kuma ta ga tallan man CBD a waya, lissafin a fili yake. Yaro mai kilo 20 da ake ba miligiram 10 ga kowane kilo yana buƙatar miligiram 200 a rana. Kwalbar da aka rubuta 500 a jikinta, idan ma rubutun gaskiya ne, kwana biyu da rabi za ta yi. Rubutun kuma ba abin dogaro ba ne: a wani binciken 2017 kan kaya 84 da aka saya ta intanet a Amurka, kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta, an kuma samu THC a 18 daga cikinsu. Mafi yawan masu farfaɗiya ba Dravet ko Lennox-Gastaut gare su ba, kuma kusan 7 cikin 10 na iya rabuwa da faɗuwa da magungunan da aka saba, irin su carbamazepine, valproate da phenobarbital, idan ana sha a kan kari. Haɗarin da ya fi kusa shi ne a dakatar da waɗannan kwatsam saboda an samu mai, domin hakan na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa. Wanda kuma ya riga ya fara shan irin wannan mai alhali yana kan maganin farfaɗiya ko maganin tsinka jini irin warfarin, ya ɗauki kwalbar ya nuna wa likita ko mai haɗa magunguna, don a gwada hanta a kuma duba ko sai an sake awon maganin.